Yadda Aka Ɗora wa Tseren Ƙarshe Nauyin Shekara Guda

A ranar 9 ga Disamba, 2013, hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta duniya ta sanar da cewa daga kakar 2014, tseren ƙarshe na Formula 1 zai zo da maki ninki biyu. Duk wanda ya zo na ɗaya a Abu Dhabi zai kwashi maki 50, alhali wanda ya lashe Monako ko Silverstone ko Monza 25 zai samu kamar yadda aka saba. Tseren Abu Dhabi bai fi akasarin sauran tsawo ba, kilomita 305 ne da 'yan kai kamar su. Hanyar tseren, Yas Marina, kuma ba ta cikin waɗanda direbobi ke jin tsoro. Abin da ya ɗaukaka ta ɗaya ne tak, ita ce ta zo ƙarshe a kalanda. Mai kallon ƙwallon ƙafa zai fi saurin gane girman maganar idan aka ce masa wasan ranar ƙarshe a gasar Firimiya maki shida ne, na watan Agusta kuwa uku.

Wannan dabara ba daga sama ta faɗo ba. Tun ranar da aka fara ƙidayar maki a tseren motoci ake ta jayayya kan wane ne zakaran shekara: wanda ya fi cin tsere, ko wanda ya fi kowa daɗewa a sahun gaba ba tare da tuntuɓe ba.

A 1950, shekarar farko ta gasar direbobi ta duniya, na ɗaya maki 8 yake samu, sai 6, 4, 3, 2 zuwa na biyar, da ƙarin maki ɗaya ga wanda ya yi zagaye mafi sauri. Tsere bakwai aka yi, har da Indianapolis 500 ta Amurka, amma sakamako huɗu mafi kyau kawai ake lissafa wa kowane direba. Akwai hikima a ciki. Motocin wancan zamani na yawan lalacewa, injin ya fashe, giya ta karye, ba da laifin direba ba, saboda haka aka bar wa kowa damar zubar da munanan ranakunsa. Amma lissafi ba ya rasa wanda zai ƙuntata. A 1958 Stirling Moss ya ci tsere huɗu, Mike Hawthorn ya ci ɗaya kacal a Faransa, amma Hawthorn ne ya ɗauki kambu da maki 42 a kan 41. A 1964 Graham Hill ya tara maki 41 a shekara, John Surtees 40, sai dokar zubar da sakamako ta rage na Hill zuwa 39. Daga 1967 zuwa 1980 kuma aka raba kaka gida biyu, ana ɗaukar sakamako mafi kyau daga kowane rabi, ta yadda ba wanda zai cika rumbunsa a farkon shekara ya miƙe ƙafa. Abin ya kai maƙura a 1988, lokacin da motocin McLaren suka cinye 15 daga cikin tsere 16. Alain Prost ya tara 105, Ayrton Senna 94, amma da aka ɗauki sakamako 11 mafi kyau Senna ya tashi da 90, Prost 87. A 1991 aka yi watsi da zubar da sakamako, aka mayar da na ɗaya maki 10, kowane tsere ya shiga lissafi.

A duk waɗannan sauye-sauye ba a taɓa cewa nasarar Oktoba ta fi ta Mayu daraja ba. Inda aka taɓa fifita wani tsere a kan wani, da hujjar da ido ke gani aka yi. A Amurka, zamanin da hukumar USAC ke rabon maki, tsawon tsere ake dubawa: wanda ya ci Indianapolis mai mil 500 ya samu maki 1,000, wanda ya ci tseren mil 100 ya samu 200. Har yau gasar juriya ta duniya tana ba tseren Le Mans ninki biyu, domin awa 24 ake yi ana gudu dare da rana, sauran kuwa akasari awa shida ne. Wanda ya yi aiki mai yawa ya karɓi lada mai yawa, ba mai musu a kan wannan. Fifita tsere saboda kwanan wata kawai sabon abu ne, kuma a Amurka ya fara kankama.

Gasar NASCAR, ta motoci masu rufi da ke zagaya filaye masu siffar ƙwai, ta yi amfani da tsari ɗaya tun 1975, wanda wani mai suna Bob Latford ya tsara. Tsari ne mai saka wa haƙuri: tazarar maki tsakanin na ɗaya da na biyu 'yar kaɗan ce, don haka mai gama tsere a cikin goma na farko kowane mako ya fi mai ci yau ya yi haɗari gobe. A 2003 Matt Kenseth ya ci tsere ɗaya kacal, a Las Vegas, a farkon shekara, ya hau saman teburi ya zauna, har ya tabbatar da kambu saura tsere ɗaya. Ryan Newman ya ci takwas, ya ƙare na shida. Ga shi kuma watannin Satumba zuwa Nuwamba su ne lokacin da gasar ƙwallon Amurka ta NFL ke mamaye talabijin a ranakun Lahadi, ranar da NASCAR ma ke tsere. Kamfanin wayar Nextel ya shigo a matsayin sabon mai ɗaukar nauyi, Brian France kuma bai daɗe da karɓar shugabanci daga hannun mahaifinsa ba. A 2004 ya fito da abin da aka kira Chase. Bayan tsere 26, sai a ware direbobi goma na sama, a share tazarar da ke tsakaninsu, a jera su daga maki 5,050 zuwa ƙasa da ratar biyar-biyar, su fafata a tsere goma na ƙarshe. Wanda ya yi wata bakwai yana tara ratar ɗaruruwan maki, safiya guda sai ya farka ya tarar ratar ta koma biyar.

Shekarar farko ta ba France abin da yake nema. Kurt Busch ya doke Jimmie Johnson da maki takwas a tseren ƙarshe. A 2011 Tony Stewart da Carl Edwards suka yi kunnen doki, Stewart ya ɗauka saboda ya ci tsere biyar, dukansu a cikin goman ƙarshe. Sai dai tsarin bai hana mai ƙarfi danniya ba, domin Johnson ya gane lagonsa ya lashe kambu biyar a jere daga 2006 zuwa 2010. Ya kuma haifar da wata sabuwar cuta. A Richmond, a Satumban 2013, a tseren da ke tantance masu shiga Chase, motar Clint Bowyer ta juya ita kaɗai ana gab da gamawa, abokin aikinsa kuma aka kira shi ya shiga wurin gyara ba gaira ba dalili. NASCAR ta yanke hukuncin cewa ƙungiyarsu ta Michael Waltrip ta yi yunƙurin murɗe sakamako, ta ci ta tarar dala 300,000, ta cire wani direban ƙungiyar, Martin Truex Jr., daga jerin. Idan aka tara darajar shekara a dare guda, to a daren nan za a nemi yin maguɗi.

A Formula 1 kuwa, ciwon iri ɗaya ne, sunan mai haddasa shi ne ya bambanta. A 2002 Michael Schumacher ya tabbatar da kambu a Faransa tun watan Yuli, saura tsere shida. Maganin da aka kawo a 2003 shi ne a rage ratar na ɗaya da na biyu, 10 da 8, a kuma raba maki har na takwas. Hakan ya yi aiki, gasar ta kai tseren ƙarshe a Suzuka, Schumacher ya tsira da 93 a kan 91 na Kimi Räikkönen. Daga baya Bernie Ecclestone, mai riƙe da harkar kasuwancin gasar a lokacin, ya ga an rage darajar nasara da yawa, ya nemi a koma rabon lambobin zinare kamar na Olamfik, wanda ya fi yawan nasara shi ne zakara. A Maris 2009 FIA ta sanar da wani abu mai kama da haka, ƙungiyoyi suka tayar da jijiyar wuya, aka janye cikin 'yan kwanaki. A 2010 aka kawo tsarin da ake amfani da shi yanzu, 25, 18, 15, har zuwa na goma. A shekarar nan direbobi huɗu suka isa Abu Dhabi kowa da damarsa, Sebastian Vettel ya ɗauke kambun alhali bai taɓa jagorantar teburi ba sai a ranar.

Vettel ɗin ne ya zama matsalar. A 2011 ya gama da kowa a Japan saura tsere huɗu. A 2013 ya ci tsere 13, tara daga ciki a jere, ya tabbatar da kambu a Indiya saura uku, ya ƙare da maki 397 a kan 242 na Fernando Alonso. Rahoton masu kallo na shekarar ya nuna an ragu daga kusan miliyan 500 zuwa 450. Aka ɗora wa Vettel laifi, ko da yake a shekarar ce aka mayar da gasar tashar biyan kuɗi ta Canal+ a Faransa, aka kuma sauya tasoshin da ke nuna ta a Sin, abubuwan da ba ruwansu da wanda ke cin tsere. Ecclestone ya so a ninka maki a tsere uku na ƙarshe. Abin da ya samu ɗaya ne, na Abu Dhabi.

Ba a taɓa ganin dokar da masoya gasar suka haɗu a kan ƙinta kamar wannan ba. Suka raɗa wa tseren suna Abu Double don ba'a. Vettel ya ce tsari ne marar ma'ana da ke hukunta waɗanda suka yi aiki tuƙuru duk shekara. Masu lissafi kuma suka koma baya suka duba, suka gano da dokar tana aiki tun da, da Räikkönen ne zakaran 2003, Felipe Massa na 2008, Alonso na 2012. Abin lura a nan shi ne waɗannan shekaru uku duk suna cikin waɗanda gasar ta kai tseren ƙarshe ba da taimakon ninki ba. A 2013 kuwa, shekarar da aka ce ana yi wa magani, ratar maki 155 ce, ko an ninka tsere uku Vettel ne zai ƙara nisa tunda shi ya cinye su. Wato dokar ba ta iya taɓa shekarar danniya, shekarar da aka yi kankankan kawai take iya juyawa. Wannan shi ne babban aibinta a ganina, kuma duk mai biro da takarda zai iya gano shi kafin a sa hannu.

Kakar 2014 ta zo da sababbin injina masu haɗa fetur da lantarki, Mercedes ta fi kowa gane kansu, ta ci 16 daga cikin tsere 19. Sauran ukun Daniel Ricciardo na Red Bull ne ya ɗauka. Faɗan ya koma cikin gida tsakanin Lewis Hamilton da Nico Rosberg, abokai tun suna yara a tseren ƙananan motoci. A Beljiyam Rosberg ya taɓa tayar bayan Hamilton a zagaye na biyu ta fashe, ya bar wurin da ratar maki 29. Hamilton ya mayar da martani da nasara biyar a jere, Italiya, Singafo, Japan, Rasha da Amurka. Rosberg ya ci Barazil. Suka isa Abu Dhabi Hamilton na da 334 da nasara goma, Rosberg 317 da nasara biyar.

A tsarin da aka saba, idan Rosberg ya ci tseren, na shida ya ishi Hamilton. Da ninki biyu kuwa, tilas ya zo na biyu; na uku ma kambu ya tafi. Idan kuma motar Hamilton ta tsaya, na biyar kawai Rosberg ke bukata, a maimakon na biyu. Mutumin da ya ninka abokin hamayyarsa yawan nasara ya kwana yana fargabar kada wata 'yar waya ta tsinke a cikin injin. Hatta shugabannin Mercedes sun fito sun nuna ba sa son a ce ta wannan hanya aka raba gardama tsakanin direbobinsu.

Ranar 23 ga Nuwamba, da yamma, rana na shirin faɗuwa aka kunna fitilun filin. Rosberg ne a matsayi na farko, amma da aka saki motoci tayoyinsa suka ɗan yi santsi, Hamilton ya wuce shi tun kafin kwanar farko. Kusan rabin tseren mai zagaye 55, na'urar lantarkin motar Rosberg ta mutu, ya rasa ƙarfin doki kusan 160, birki ma ya fara ba shi wahala. Massa ya wuce shi, Valtteri Bottas ya wuce, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, har Hamilton ya zagayo ya riske shi. Gab da ƙarshe ƙungiyar ta kira shi ta rediyo ya shigo ya ajiye motar, ya ce yana so ya kai ƙarshe. Ya gama na 14, ba maki ko ɗaya, ya fito ya je ya taya Hamilton murna kafin a hau mumbari. Hamilton ya rufe shekara da 384.

Sa'a ce ta rufa wa dokar asiri, domin lalacewar ta faɗa kan wanda ke baya. Da motar ɗayan ce, da har yau ana maganar. Duk da haka ta bar tabo a teburi. Massa ya samu maki 36 da zuwa na biyu, Bottas 30 da zuwa na uku, dukansu sun fi abin da Ricciardo ya samu ranar da ya ci Kanada ko Hangari. Sergio Pérez ya zo na bakwai ya samu 12, ya haye Kevin Magnussen zuwa na goma a teburi, 59 a kan 55; da shida ya samu, da bai kamo shi ba. Kwanaki kaɗan bayan tseren ƙungiyoyi da masu gasar suka amince a soke dokar, FIA ta tabbatar a Disamba. Tsere ɗaya kacal ta yi a duniya.

Abin da Formula 1 ta tsallake, gasar IndyCar ta Amurka ta faɗa cikinsa shekara guda bayan haka. A 2014 ta ninka maki a tseren mil 500 guda uku, wanda ko ba komai yana da hujjar tsawo. A 2015 sai ta bar ninkin a Indianapolis da kuma tseren ƙarshe a Sonoma, tsere na yau da kullum. Juan Pablo Montoya ɗan Kolombiya ya jagoranci teburi tun daga tseren farko, ya ci Indianapolis 500, ya isa Sonoma yana gaban Scott Dixon da maki 47. A cikin tseren ya yi karo da abokin aikinsa Will Power, ya koma baya, ya yi ta kokawa har ya gama na shida. Dixon ya ci. Aka ƙidaya, kowa 556, aka ba Dixon kambu saboda ya ci tsere uku, Montoya biyu. Ba wanda zai ce Dixon bai cancanci zama zakara ba, tarihinsa ya ishe shi shaida. Amma a shekarar nan bai taɓa hawa saman teburi ba sai da aka kaɗa tutar ƙarshe, kuma ba don ninkin Sonoma ba da bai hau ba. IndyCar ta ci gaba da ninka tseren ƙarshe har 2019, sannan ta daina, a 2023 kuma ta cire na Indianapolis ma.

NASCAR ita ce ta bi hanyar har ƙurya. A 2014 ta mayar da Chase sifiri ɗaya kwale: direbobi 16, ana zubar da huɗu bayan kowane tsere uku, huɗun da suka rage su shiga tseren ƙarshe da maki daidai, wanda ya riga sauran ukun isa shi ne zakara. A shekarar farko Kevin Harvick ya ɗauka, amma wanda ya biyo shi a baya, a tseren da kuma a teburi, Ryan Newman ne, wanda bai ci ko tsere ɗaya ba a shekarar. Saura ƙiris tsarin da aka ƙirƙira don kada a sake samun zakara mai nasara ɗaya ya naɗa zakara marar nasara ko ɗaya, kuma mutumin da aka yi wa kuka a 2003 ne zai ci moriyar. A 2015 Kyle Busch ya karye a ƙafa a Daytona, ya rasa tsere 11, ya dawo ya ɗauki kambu. A 2020 Harvick ya ci tsere tara bai ma shiga huɗun ƙarshe ba.

Adalci ne a faɗa cewa tsarin ya samar da abin kallo. A Martinsville, a Oktoban 2022, Ross Chastain yana na goma a zagayen ƙarshe, yana bukatar ya wuce motoci kafin ya shiga huɗun ƙarshe. Da ya iso kwana, maimakon ya taka birki sai ya ƙara giya, ya jingina gefen motarsa da katanga, ya danne totur, motar tana gogar katangar tana tartsatsi har ya fito na biyar, ya fitar da Denny Hamlin. Duniya ta kalli hoton. NASCAR ta haramta dabarar kafin kaka ta gaba, domin kowa ya ga abin da zai faru ranar da katanga ta ƙi. Irin wannan ganganci shi tsarin ke saya, kuma da lafiyar direbobi da darajar kambu ake biya. Ƙorafin ya ƙara ƙarfi a 2024, da Joey Logano ya zama zakara alhali matsakaicin matsayinsa a tseren shekarar ya kai na 17. A farkon 2026 NASCAR ta sanar da daina zubar da direbobi zagaye-zagaye, ta koma tsarin tsere goma na ƙarshe, wanda shi ma har yanzu share rata ne, sai dai ba a rataye komai a yini ɗaya ba.

Formula 1 ba ta sake komawa ninki ba, ko da Max Verstappen ya ci 19 daga cikin tsere 22 a 2023, danniyar da ta wuce ta Vettel. Ta nemi 'yan kallo ta wasu hanyoyin: gajeren tseren Asabar daga 2021, ƙayyade kuɗin da ƙungiya za ta kashe a shekara, da rage wa ƙungiyar da ke gaba lokacin gwajin iska don na baya su kamo. Waɗannan suna taɓa saurin motoci, inda ratar take tun asali. A 2021 Verstappen da Hamilton sun isa Abu Dhabi kowa da maki 369.5 bayan tsere 21. A 2025 direbobi uku suka isa can da dama, Lando Norris ya ɗauka da ratar maki biyu, 423 a kan 421 na Verstappen, da maki 15 na matsayi na uku, daidai abin da zai samu da a watan Maris ya zo na ukun.